Hoton da Ya Raba Ni da Farar Riga

Tsufa ya fara goge mini abubuwa da yawa daga kai, amma abin da ya same ni a Gaya ta bakin kogi zamanin mulkin soja ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

A lokacin ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin gwamnati. Mijina direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗauko wa wani Alhaji kaya daga Kwatano. Siyasa ba ta dame ni ba ko kaɗan, daga ɗakin haihuwa sai gidana.

Wata safiya aka shigo da wani matashi matuƙin kwalekwale daga wajen Tunuga, kwance kan amalanke, jini ya jiƙa tabarmar da aka shimfiɗa masa. Wasu masu kaki ne suka harbe shi a bakin kogi, wai sun ce ya tsaya bai tsaya ba. Waɗanda suka kawo shi suka ce iska ake yi, bai ma ji kiran ba. Kafin majo, shugaban asibitinmu, ya iso, yaron ya cika. Na san matarsa, ni nake yi mata awo, cikinta ya tsufa. Ita ma ta biyo su, ta zauna a ƙasa ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙe bakin rigata tana tambayata da ’yar Hausarta ta kasuwa: “Madam, yaushe zai tashi?”

Washegari matan kasuwa suka rufe rumfunansu, masunta da direbobi suka biyo su, aka nufi biron parfe, wato ofishin shugaban gunduma, don a nemi a hukunta wanda ya yi harbin. Da ayarin ya zo wucewa ta ƙofar asibiti, ban san lokacin da ƙafata ta fita ba. Ko farar rigar aiki ban tuna na cire ba. Wata abokiyar aikina ta biyo ni. Yaya nake ce mata, don ta girme ni, kuma ita ta koya mini karɓar haihuwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, albashinta kaɗai ke riƙe da gidan. Ita kam ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kama hannuna muka tafi.

Ba a jefi kowa ba, ba a fasa komai ba. Parfe ya fito ya ce za a bincika, muka watse kafin azahar. Na dai lura da wani mutum tsaye kan wani kamiyo yana ɗaukar hoto, da wasu samari masu kayan gida da ke raba ruwa suna tambayar mutane daga wace unguwa suke. Har godiya na yi wa ɗayansu. Yanzu in na tuna, wautata takan ba ni tausayi.

Ba a jima ba wani mai moto, wato babur, ya fara zama ƙarƙashin dogonyaron da ke kallon asibitinmu. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya magana da kowa. In na tashi aiki sai in gan shi a bakin layinmu. Maƙwabciyata da muke aron turmi ta fara gaishe ni daga nesa.

Sai ranar da majo ya aiko kirana. Na tarar da shi tsaye bakin taga, kujerarsa kuwa wani baƙo ne a kai, mai fara’a, sanye da jamfa. Majo ya ce daga komisariya yake, wato ofishin ’yan sanda. Baƙon ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi lafiyar ’ya’yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da lakwal, wato makarantar da kowa ke zuwa. Ya tura mini hoto. Ga ni fes cikin farar riga, kusa da ni wata mace mai mayafi, ido kawai ake gani.

“Madam, mun san zuciya ce ta ɗebe ki,” in ji shi. “Ma’aikaciyar gwamnati ba ta fita zanga-zanga, amma ana iya mantawa. Gaya mini kawai, wace ce wannan da ke riƙe da hannunki?”

Na dubi hoton. Na tuna da marayunta, na tuna da nawa yaran. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ce wannan mai farar riga. A kaina kaɗai zan iya ba da shaida.”

Ya yi murmushi ya mai da hoton aljihu. “Ki yi tunani. Aiki ba ya da sauƙin samu yanzu.”

Na ce masa na riga na yi tunanin. Majo bai juyo daga taga ba har na fita. Kafin ƙarshen mako aka dakatar da ni, ba a ce har yaushe ba.

Na ɗauka a nan abin zai tsaya. Na je neman aiki wani asibitin kuɗi, likitan ya yi murna ya ce in fara Litinin. Ran Litinin ya tare ni a ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce an zo an yi masa magana. Haka aka yi a wani shagon magani. Duk inda na taka, mai moto na bayana. Sannan abin ya koma kan mijina. Aka riƙa tsare kamiyonsa a kowane shinge, wasu su wuce shi yana nan, har kayan mutane suka fara lalacewa. Daga ƙarshe Alhaji ya kira shi ya karɓi makulli, yana ba shi haƙuri.

Ranar da ya dawo gida hannu rabbana, na durƙusa gabansa na ce, “Maigida, ni na ja maka.” Ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce, “Da kin faɗi sunanta, da yanzu ina tuƙi. Amma ban san yadda zan ci tuwon ba. Tashi.”

Duk wannan lokaci Yaya ba ta leƙo ni ba. Na yi mata uzuri, na ce tsoron mai moto take. Wata rana da la’asar, ina tsince shinkafa, sai ga sallamarta. Ta rame. Ta ƙi zama kan tabarma, ta zauna ƙasa, ta ce, “Ƙanwata, ni aka fara kira, kafin ke. Hoton nan aka nuna mini, aka ce sun san ni ce mai mayafi. Aka ce in faɗi wanda ya ja ni, in ba haka ba in ajiye aiki. Na ce ke ce. Na ce ke kika zuga ni.”

Na ajiye farantin shinkafar. Ashe lokacin da mutumin ke tambayata, ya riga ya san amsar. Ba suna yake nema ba, so yake ya ga wadda za ta lanƙwasu a cikinmu. Ita kuwa tun daga ranar aka sa ta kai rahoton abin da ake faɗa a asibiti duk mako. Ta ce ko barci ba ta iya yi.

Na ce ta tashi ta bar mini gida. Ta tafi tana kuka, ban raka ta ba.

Rayuwa ta ci gaba da daɗi ba daɗi. Mijina ya koma sarin albasa. Ni kuma matan ƙauyukan Bengu da Yelu suka riƙa aikowa in je in karɓi haihuwa, a sallame ni da gero ko busasshen kifi. Da farar hula suka dawo aka mai da ni aiki, amma mijina bai sake riƙe sitiyari ba, idonsa ya yi rauni. Wanda ya harbi yaron nan kuwa, har yau ban ji an hukunta shi ba.

Na ɗauki shekaru kafin na iya zuwa gidan Yaya. Ba wani abu ne ya faru ba, zuciyata ce ta gaji da ɗaukar nauyin fushin. Na tarar ta bar aikin da kanta tun tuni, tana soya ƙosai a ƙofar gida. Muka zauna muka yi kuka, na ce na yafe, ta ce ita ba ta yafe wa kanta ba.

Abin da na koya shi ne, masu sa ido ba aikinmu kaɗai suka ƙwace ba. Sun sa kowa ya ji tsoron na kusa da shi, kuma wannan asarar ta fi ta albashi wuyar maidawa. Ni an kore ni, amma na fita da raina a sake. Ita an bar mata aiki, aka riƙe ta a hannu. Tun daga nan, in na ga wanda tsoro ya karya, ba na saurin zaginsa. Fushina na wanda ya karya shi ne.