Ɗuren da Muka Yi wa Mota a Hanyar Ɗambatta

Wani siririn fito na fara ji, ina tsugune a madafi ina hura wuta. Na ɗauka butar shayi ce, har na kai hannu zan sauke ta, sai na ji ko ɗumi ba ta yi ba. Daga ɗaki fiton yake fitowa, daga ƙirjin Auta, 'yata mai shekara shida. Tana da asma, ga shi satin nan duk unguwarmu sussukar gero ake yi, ƙaiƙayi har cikin randa. Na ɗauko abin shaƙarta na matsa sau biyu, a na uku bai fitar da komai ba. Babanta kuma yana Kano wurin aiki. 'Yan'uwa masu tambayar shirun da na yi kwana biyu, ga abin da ya faru.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, a tsohuwar motar ƙanin maigidana. Shi ke tuƙi, ni da surukata muna baya, Auta a cinyata. Daga ƙauyenmu zuwa asibiti a Ɗambatta bai fi tafiyar minti arba'in ba. Motar ta yi sati tana jidar damin gero daga gona, sai da na shimfiɗa zani a kan kujerar kafin mu zauna. Surukata ta riƙo gorar roba cike da jiƙon sassaƙe, ta ce ko da hali.

Hanyar burji ce, damina ta bar ta da ramuka. Ta ɓangarenmu ba ka tafiya mai nisa ba ka ga gida ba, gona na ƙarewa wata na farawa. An girbe gero, dawa na tsaye ta sunkuyar da kai, amalanken shanu har sun fito. Duk wannan da gefen ido na gan shi. Idona na kan ɗan ramin da ke ƙasan wuyan Auta, yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Hasbunallahu kawai nake maimaitawa.

Muna haye wata kwalbati motar ta fara tari. Ta fizga, ta saki baƙin hayaƙi, ta ɗan ƙara gaba, ta mutu a wata 'yar mararraba mai teburin shayi da rumfar injin niƙa.

"Mai ne," in ji ƙanin maigidana.

Da wata rana ce da na tsokane shi, don shi ko taya ce ta sace zai ce mai ne. Ya ruga wurin mai sayar da fetur a kwalabe, ya sayo biyu da tsadar da ta sa ya dawo yana ƙunƙuni. Ya juye ɗaya a tanki, ya murza makulli, shiru. Ya buɗe gaban motar, ya ɗaga wani faifan ƙarfe, ya tsiyaya fetur a ramin da ke tsakiya kamar yadda muke ganin direbobi na yi, ya mayar ya rufe. Ya murza. Ya sake zubawa, ya sake murzawa, har sau uku. Kowace murzawa kukan batirin na ƙara sanyi. Babura biyu suka wuce, kowanne da buhuna har bayan mai tuƙin.

Leɓen Auta ya fara canza launi. Surukata ta kwance murfin gorarta.

"Riƙe mini kanta."

"Inna, da an bari ta ɗan samu numfashi tukuna."

"Da shi na raini ubanta. Kwantar da ita, kurɓa uku ce."

Shekara goma sha huɗu ina gidan nan ban taɓa ce mata a'a ba. Na san kuma ruwa a bakin yarinyar da ke kokawa da numfashi shaƙewa ne. Na ƙanƙame Auta, ban kwantar da ita ba.

A nan ne mai injin niƙan ya tsallako titi, wani dattijo, girarsa fara fat da gari. Daga baya na ji daga gidajen Kiristocin bayan rafi yake. Bai kai ga motar ba ya shinshina iska.

"Samari, cire hannunka daga makullin nan. Sau nawa ka zuba mata?"

"Uku, Baba."

"Uku! Ai ɗure ka yi mata."

Surukata ta ɗago kai. Ɗure ai sana'arsu ce a zamaninsu: a kwantar da jariri a cinya, a tara koko a tafin hannu a bakinsa har ya rufe hanci, in ya buɗe baki neman iska ya haɗiye dole.

Dattijon ya zaro wani abu zagayayye daga ƙarƙashin faifan, kamar gammo, ya buga shi a jikin taya. Ƙaiƙayi ya zubo tuli.

"Ga hancinta nan, a toshe. Ta nan take tace iska." Yana magana hannunsa na kwance fulogi. "Inji numfashi yake yi, ba ci ba. A cikinsa akwai fistin, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. In ya sauka, ya shaƙo iska mai yawa da ɗan ɗigon mai. In ya hau, ya matse su. Sai wannan fulogin ya ƙyasta wuta, su fashe, su dankara fistin ƙasa. Ƙarfin da ke juya taya ke nan. Ya sake hawa ya turo hayaƙin waje ta salansa. Huɗu ke nan, haka yake ta yi har Kano. To kai ka samu mai neman iska, ka yi ta kwarara masa abinci. Dubi nan." Ya ɗaga fulogin, baƙi ƙirin, yana ɗigar fetur. "Jiƙaƙƙiyar ashana tana kamawa?"

Ba da mu yake ba, ko leƙo bayan motar bai yi ba tukuna. Amma na ga hannun surukata ya tsaya a sama. Ta dubi gorar, ta dubi ƙirjin jikarta. A hankali ta mayar da murfin ta murɗe shi.

"Ɗaga ta zaune sosai," ta ce da ni. "Sauke gilashin ɓangarenki, na nan ƙurar ta yi yawa."

Sai a lokacin dattijon ya ji fiton. Ya leƙo sau ɗaya. Ya kwashi fulogan huɗu ya yi nesa da motar, ya kunna ɗan kara, ya gasa bakinsu har suka bushe, ya kankare su da tsinken ƙarfe. Ba zan iya ce muku minti nawa aka yi ba. Numfashin Auta nake ƙirgawa, ina ɓatar da lissafin ina sakewa.

Ya mayar da fulogan ya ɗaure, ya ce da ƙanin maigidana, "Taka totur har ƙasa, kar ka saki, iska muke so ta shiga. Murza."

Batirin ya yi wani nishi ya yi shiru.

"Sa giya ta biyu! Kai, masu shayi, ku ajiye kofunan nan, yarinya ce ba lafiya!"

Maza biyar suka taso, ɗaya da burodi a baki. Suka tura. Motar ta fizga ta ƙi. Suka ƙara gudu, ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar an fasa buhu, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe su. Ta gilashin baya na hango dattijon yana kaɗa hannu, kada mu tsaya.

Mun shiga Ɗambatta rana ta ɗaga, manyan motocin hatsi da garken awaki sun cushe hanya, ƙanin maigidana ya fito da kai ta taga yana roƙon a ba mu wuri. A asibiti suka karɓe ta da sauri, suka sa mata abin shaƙa mai fitar da tururi ya rufe hanci da baki. Ina tsaye ina kallon ramin wuyan nan yana rage lotsawa, har ya daina. Alhamdulillahi. Na zauna a ƙasa a wurin.

Wajen hantsi surukata ta fita ta sayo koko da ƙosai a bakin ƙofa, tana mitar ƙosan bana ya koma kamar ƙwallon goruba da aka tsotse. Ta miƙa wa ɗanta kofi.

"Ungo, direba. Da kanka za ka sha ko a yi maka ɗure?"

Ya sunkuyar da kai, muka yi dariyar farko a ranar.

Bayan la'asar aka sallame mu da sabon abin shaƙa har biyu. Da muka iso mararrabar, rumfar niƙan a rufe take, mai shayi ya ce dattijon ya tafi gida tun azahar. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da na ƙaru da shi: abin shaƙa ba ya zama guda ɗaya a gidan mai asma, musamman lokacin sussuka. Motar da ta yi jidar gona a duba mata matatar iska kafin a hau hanya. Sannan ba duk mai wahala ne yunwa ke damunsa ba, mu kuwa da mun ga abu ya galabaita, abin zubawa muke nema. Ban ga laifin surukata ba, ƙauna ce ta sa ta buɗe gorar, ita ce kuma ta sa ta rufe.

Ina shafa wa Auta mai bayan wanka, ina ce mata ranar Juma'a za mu koma mu yi wa mai niƙan godiya, sai ta riƙe hannuna.

"Umma, ki tafi masa da man nan. Yatsunsa sun ƙone da yana gasa abin motar, har ya sa su a baki. Ke ba ki gani ba, ni kike kallo."