Sunan da Ya Ƙi Buɗewa

Duk wanda ke bin layin bayan kasuwa a Xalapa ya san shagon Ofelia Zamudio, don muryarta kan riga ta fitowa titi. Gajeriyar mace ce, ta haura hamsin, tabarau rataye a wuya da igiya, kuma ta tsani aikin ganin ido. Katin biki take zanawa a kwamfuta, da takardar jerin abinci, da sanarwar coci, irin zanen nan da ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba ya dushewa. Amma abin da ya fito da ita shi ne mahaɗi. Takan ɓoye hanya a ƙarƙashin rubutu, ta fitar da zanen a PDF, kana taɓa kalma a wayarka sai wani shafi ya buɗe. Wasu masu zanen su liƙa su tura, ko oho. Ita kuwa sai ta bi kowane ɗaya da yatsa kafin fayil ya bar hannunta.

Wata ƙungiyar iyaye mata masu neman 'ya'yansu da suka ɓace ta kawo mata aiki. Ranar Asabar za su yi tattaki, suna son abin da zai zaga wayoyin gari. Ofelia ta zana musu bishiya mai ganye tamanin da shida, kowane ganye da suna. Ka taɓa sunan, hoton mai shi ya fito, da inda aka yi masa ganin ƙarshe, da lambar wayar uwarsa. Kwana tara ta yi a kai, har masu katin biki suka yi fushi, ta ce su yi ta yi.

Ranar Juma'a da hantsi, tana cikin cin tamal ɗinta, dafaffen ƙullin masara a ganye, sai ga Doña Herminia Tlaxcalteco, wata dattijuwa mai tsinkar 'ya'yan kofi a gona daga garin Coatepec. Ɗanta Isauro ya fita aikin gini shekara huɗu da suka wuce, bai dawo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, waya a hannu.

"'Yar nan, cire shi kuka yi?"

"Wa, Inna?"

"Isauro. Na taɓa, na taɓa, ya ƙi fitowa. In wani labari kuka ji, ku faɗa mini, zan iya ɗauka."

Ofelia ta karɓi wayar ta danna ganyen, shiru. Ta danna na kusa da shi, shiru. Bishiyar nan tana nan da kyanta, amma duk ta mutu. Tana ganin sunan fayil ɗin, irin wanda maƙwabcinta ke sawa, ta gane mai laifin, ta leƙa waje ta ƙwala kira.

"Nabor! Kai tsohon banza, fito nan!"

Don Nabor, mai injin buga takardu a shagon kusa, ya fito yana goge hannu. Shekara talatin ke nan suna wannan tsiyar.

"Yau kuma me na yi, uwar masifa?"

"Fayil ɗin da na ba ka ka buga a ƙyalle, me ka yi masa?"

"Abin da nake yi tun kafin ki san kwamfuta. Na mayar da haruffan zane don kada su sauya kama, na tura wa matan ƙungiyar mai kyan."

"Mai kyan! Ka kashe mini mahaɗi tamanin da shida, shi suke ta yaɗawa tun jiya!"

Ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya sauka kan dattijuwar. Ya cire hularsa. Wallahi ba mugunta ba ce, tsohon hannu ne kawai, amma kunya ta kama shi.

Ofelia ta zaunar da Doña Herminia, ta buɗe mata ainihin fayil ɗin a waya. "Ga shi, Inna, ba wanda ya cire shi. Taɓa ki gani."

Ta taɓa. Fuskar wata yarinya ta fito. Ta sake, wani saurayi daban ya fito. Ofelia ta zuba wa yatsan ido: kauri gare shi, ya faffashe da aikin gona, yana sauka ya rufe ganye biyu. Wannan kam ba laifin Nabor ba ne. Da siririn yatsanta ta gwada komai, alhali masu bishiyar ba irin hannunta gare su ba.

Da wata ce, da sai ta ce a ja hoton ya ƙara girma, shi ke nan. Ofelia ta ture tamal ɗin, ta warware bishiyar kaf. Ta buɗa rassan, ta ba kowane ganye fili, ta shimfiɗa wa kowane suna akwatin da ido ba ya gani, mai faɗin babban yatsa, ta liƙa mahaɗin a kansa. Ta sa Nabor ya zauna yana gwadawa da nasa ƙaton yatsan, tana kiran suna yana dannawa. Ko sau ɗaya bai yi mata gardama ba.

Sai wajen ƙarfe huɗu suka gama. Ofelia ta tura wa shugabar ƙungiyar sabon, ta ce a goge na jiya. Sannan ta sa sabon a wayar dattijuwar, ta miƙa mata.

Taɓawa ɗaya, Isauro ya fito, da farar riga, yana dariya rana ta kashe masa ido ɗaya. Doña Herminia ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin da gefen mayafinta.

"Saura lambar," in ji Ofelia, don ba ta barin aiki rabi. "Zan danna ta daga tawa wayar, taki za ta yi ƙara. Ni ce fa, Inna, kin ji? Ni ce zan kira."

"Na ji, 'yar nan."

Ofelia ta danna. Wayar ta yi ƙara a cinyar dattijuwar, baƙuwar lamba a kai. Ga Ofelia a gabanta, taku biyu, waya a hannu. Duk da haka Doña Herminia ta zabura ta miƙe, ta kai wayar kunne da hannu biyu.

"Isauro?"