Doña Nicolasa, Mai Riƙon Gidan Hayar da Ba Ya Rasa Mutane

Kafin mai tallan dafaffiyar masara ya yi kiran farko a layinmu na unguwar Barrio Abajo, Doña Nicolasa Barraza ta riga ta share ƙofar gida ta yayyafa ruwa. Daga nan sai ta bi bayan ɗakuna tana murɗa famfo ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kai tana duban kwanon rufi. In ganyen mangwaro ya toshe indararo ba ta jiran kowa, tsani take jinginawa. Sai ta gama take zama ta sha baƙin kofinta.

Babu wanda ya haddace wannan tsari kamar Don Ulpiano Charris, domin shekara da shekaru yana kallonsa daga kujerarsa mai lilo a tsallaken titi, ransa na suya.

Ulpiano tsohon direban bas ne. Guminsa na bakin sitiyari ya zuba ya sayi gidan haya, ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, ya sa ƙofar ƙarfe mai ado. Nicolasa kuwa ko bulo ɗaya ba ta da shi a gidan da take riƙo. Masu shi sun daɗe da ƙaura ƙasar waje. Amma allon "akwai ɗaki" na ƙofar Ulpiano har rana ta cinye rubutunsa, ita kuwa mutane layi suke bi.

"Maƙwabciya," ya taɓa ƙwala mata kira, "don Allah wane boka ke miki aiki?"

"Bokana ga shi jingine da bango, Don Ulpiano. Ko in ara maka ka hau?"

Ya yi tsaki ya juya kujera.

Ke ce, Nicolasa, wadda masu gida suka ce ki yi fenti, kika ce a fara canza bututun ruwa, domin ɗan haya ba bango yake sha ba. Ke ce ba kya ba mutum ɗaki sai kin taka zuwa unguwar da ya baro kin ji ta bakin mai kanti. Da ɗan ƙanwar maigidan ya zo da jakarsa yana taƙama da dangi, kika ba shi abinci kika raka shi bakin titi, kika ce ɗan'uwa a gidan haya ƙashin kifi ne, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa. Tsintsiya mai tara gida, sannu da aiki.

Duk wannan Ulpiano yana iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne auren 'yarsa Dilia. Ya ware mata ɗakin sama, mafi girma, kyauta. Sai ga motar kaya ta tsaya a ƙofar Nicolasa, ana sauke gadon amarya.

"Ke Dilia! Gidan ubanki ya ƙone ne?"

"Baba, ɗakin yana yoyo. In na faɗa za ka ce ni 'yarka ce, in sa bokiti in yi haƙuri. A can kuwa in na faɗa da safe, kafin azahar an gyara."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Nicolasa. Ita kuwa ba ta fasa ba. Kullum sai ta ce, "Ina kwana, maƙwabci," ta amsa wa kanta, "Lafiya lau, Doña."

Sai daminar da ba mu manta ba ta zo. Ruwa ya sauka da rana tsaka, titi ya zama kogi yana jan motoci kamar gwangwani. Silin ɗakunan saman Ulpiano ya jiƙe ya rufto, saura ƙiris ya faɗa kan wata jaririya. Da ruwa ya janye, 'yan hayarsa suka tsallaka da katifu a ka, suka cika tsakar gidan Nicolasa. Ta ɗora babbar tukunyar miyar rogo da ƙashin saniya, ta baza tabarmi. Ulpiano yana tsaye cikin taɓo yana jin dariyar mutanensa a gidan wata.

Ya san za a tashi daga ɗaki biyu a gidan Nicolasa ƙarshen wata. Ya san mutanensa sun roƙe ta. Ya gama sallamawa cewa gidansa ya mutu.

Washegari sai ga ta da mai gyaran rufinta a baya.

"Na ce musu ba ni da wuri," in ji ta. "Mutanenka suna son gidanka, Don Ulpiano, kusa yake da kasuwa da tashar bas, wannan ka iya zaɓe. Rufinka ne ba sa so. Da za ka saya, da ka zo ranar ruwa ka gani, ba ranar da mai sayarwa ya gayyace ka ba."

"Wa ya tambaye ki?"

"Babu. Hau ka nuna masa inda ya ɓalle."

Aka gyara, mutanensa suka dawo. Wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai: ga shi ta fi shi gida, ga shi ta fi shi hali.

Bana gwiwoyi suka ce sun gaji, Nicolasa za ta koma garin Sabanalarga wurin ƙanwarta. Ranar Lahadi aka yi mata walima. Waɗanda aka haifa a gidan suka zo da nasu 'ya'yan. Ana cikin kiɗa Ulpiano ya shigo da farar riga, ya ce a rage sauti.

"Ni ban zo yabo ba," ya ce. "Matar nan haushinta nake ji, kuma da shi za a binne ni. Amma gobe in na zauna a kujerata, wa zan kalla? Gaya mini dai, wane marar sa'a ne zai gaje ki?"

Nicolasa ta ciro tarin makullai daga aljihun rigarta, ta miƙa wa Dilia.

Aka fashe da shewa. Ulpiano ya zauna, ya ce a zuba masa miya, a daɗa ƙashi.

Mun gode, Nicolasa. Kin riƙe dukiyar wasu kamar taki, kin riƙe mutanen cikinta kamar naki. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya sa ki huta a inuwa mai sanyi. Ku kuma masu tara gumi don sayen gidan haya, da ku masu riƙon na wasu, ga misali nan a raye. Ku yi aikin da zai hana maƙwabci sukuni don kishi, ya duba sama ya duba ƙasa ya rasa aibin da zai faɗa.