Littafin da Ya Kai Labarin Rabiatou Gida

Duk wanda ya yi aikin gini ko na gareji a unguwar Manshiya ta garin Sabha cikin shekarun nan ya ci shinkafa da waken Rabiatou. Rumfarta tana jikin bangon garejin da nake walda: tukwane biyu, benci guda. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake tun haihuwa. Daga wani ƙauye na yankin Tasawa a Nijar ta fito. Mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba, damina ta ƙi shekara biyu a jere, sai ta ɗauko ƙanwarta Zahara suka kamo hanyar Libiya, da niyyar su yi aikatau su koma.

Ita kaɗai ta iso Sabha. Ta aika wa mahaifiyarsu cewa zazzaɓi ya kama Zahara bayan sun sauka, ta cika a hannunta, an yi mata wanka da salla, an rufe ta a maƙabartar gari. Mu ma haka ta faɗa mana, kuma babu wanda ya tsananta tambaya.

Tana shekara ta shida a nan wata baƙuwa ta zo, Madam Bassira. 'Yar Nijar ce da ke zaune a Turai, tana rubuta littattafan labari da Faransanci. Ta ce tana son jin yadda mutanenmu ke ƙetare hamada. Maza suka yi ta ba ta labarin jarumtarsu, ita kuwa sai ta maƙale a bencin Rabiatou. Sati uku tana zuwa da safe, tana taya ta tsintar wake da yankan albasa. Ba ta da girman kai, wannan na shaida. A ranar da za ta tafi na ga su biyu a bayan rumfa, Madam Bassira tana kuka, Rabiatou tana kallon ƙasa.

Sai da abin ya fashe Rabiatou ta gaya mini abin da ta faɗa mata. Motarsu ta mutu a cikin rairayi bayan sun wuce Dirku. Direba ya bi wata mota, ya ce zai dawo da kayan gyara, bai dawo ba. A rana ta uku Zahara ta kasa miƙewa. Wasu maza biyar suka ce za su taka ko za su samu rijiya. Rabiatou ta ja ƙanwarta zuwa inuwar motar, ta rufa mata zane, ta ɗauki bidon, jarkar da ɗan sauran ruwansu ke ciki. Zahara idonta biyu. Ta ce, "Yaya, bar mini ko kurɓi ɗaya." Rabiatou ta ce, "Yanzu zan dawo miki da mai yawa." Ta bi mazan, ta tafi da ruwan duka. Washegari wata motar 'yan kasuwa ta tsince su. Ta yi roƙo a koma, direban ya ce mansa ba zai kai ba.

"Me ya sa kika faɗa mata?" na tambaye ta.

"Yaou," ta kira sunana, "shekara shida abin yana ƙirjina. Ita baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Kuma ta rantse za ta sake sunaye."

Madam Bassira ta sake sunayen kuwa. Amma ta bar yatsan nan mai lanƙwasa, ta bar uwa mai sayar da daddawa a gindin tsamiya, ta bar 'yan'uwa mata biyu da suka bar yankin Tasawa a shekarar fari. Da littafin ya tsaya a Turai cikin Faransanci, wataƙila da shi ke nan. Sai ya ci wata babbar lambar yabo ta adabi a can. Ba a jima ba ya ci wata a nan Afirka. Aka juya shi cikin harsuna da yawa, wata jami'a ta ba Madam Bassira digirin girmamawa, a gida ma aka gayyace ta aka rataya mata lamba. Muka ga hotunan a waya muna murna, muna cewa ga wadda ta zauna a bencinmu. Rabiatou ma ta yi murmushi, ta ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka."

Da sunan littafin ya cika gari, wani gidan rediyo na yankin su Rabiatou ya juya shi da Hausa, ana karanta kaɗan-kaɗan duk ranar Juma'a da la'asar. A mako na tara aka zo kan motar da ta mutu.

Ranar Asabar da hantsi wayar Rabiatou ta yi ƙara tana zuba wa mutane abinci. Ƙaninta ne Mounkaila. Ina kusa, kuma muryarsa a sama take.

"Yaya, a wace maƙabarta kika ce an rufe Zahara?"

Ta ajiye ludayi.

"Duk gari an ji. A masallaci ana kallona. Ga Inna nan."

Muryar tsohuwar ta fito a hankali. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Rabi, da gaske ba a rufe ta ba?"

"Ba a rufe ta ba, Inna."

"To je ki ki rufe mini 'yata. Ko ƙashi ɗaya kika samu, ki sa shi a ƙasa, a yi mata salla. Sannan ki kira ni."

Rabiatou ta rufe rumfa. Ta yi wata guda tana bin direbobin da ke zuwa kudu, har wani dattijon direba Batube, ɗan ƙabilar Tubawa, ya yarda ya ɗauke ta. Ta sayi yadi fari na likkafani ta naɗe a jaka. Suka wuce Gatrun, suka ƙetare iyaka, ya ratse da ita daga hanya wuri uku inda ya san akwai gawar mota. Ta farko ƙarama ce, ba irin tasu ba. Ta biyu rairayi ya cinye ta sai rufin. Ta yi ta tono da hannu da murfin tukunya har faratanta suka fashe, ta samu takalmin namiji ƙafa ɗaya da cokali. A ta uku babu komai sai ƙarfe. Dattijon ya ce mata shekara goma ta wuce, tudun da ke nan bana ba ya nan baɗi, kuma shi ba zai ƙara nisa ba.

Ta dawo ta rame, yadin yana nan a naɗe. Na ce mata, "Ki ce kin samu kin rufe. Tsohuwa ce, hankalinta zai kwanta."

"Na yi mata wannan sau ɗaya," in ji ta.

Ta kira a gabana, ta faɗi yadda aka yi. Tsohuwar ta ce, "To." Ta miƙa wa Mounkaila wayar. Daga ranar ba ta sake karɓar kiran Rabiatou ba.

Labari ya kai kunnen Madam Bassira. Ta bugo wayata, don Rabiatou ba ta ɗauka. Ta ce wallahi ba ta san za a karanta shi a rediyo ba, ta ce za ta sa a cire yatsan da tsamiyar a bugu na gaba, za ta je ƙauyen da kanta ta ce ƙirƙira ce. Na isar da saƙon. Rabiatou ta ce, "Gaya mata ba ƙarya ta rubuta ba. Kada ta je. Ni ban riƙe ta ba, amma kada ta sake kira."

A Manshiya ma zama ya yi wuya. Leburori suka rinƙa sauraren karatun a waya, wasu suna zuwa rumfar don su ga yatsan kawai. Wani ya ƙi karɓar ruwa daga hannunta a gaban mutane. Akwai waɗanda suka kare ta, galibi waɗanda su ma suka bi hanyar nan, amma ba su ɗaga murya sosai ba.

Tsohuwar ta rasu da damina. Mounkaila ya aiko da saƙon murya bayan an yi jana'iza: "Inna ta cika jiya. Ba sai kin zo ba." Rabiatou ta zauna zaman makoki kwana uku a ɗakinta, mu huɗu muka je gaisuwa.

Bayan arba'in ta bar wa wata mata tukwanenta, ta koma wata gona a Wadi Bawanis, tana dafa wa masu aikin dabino. Na kai mata ziyara sau ɗaya da sallar layya. Ciwon suga ya kama ta, idonta ɗaya ya fara hazo. Ta tambaye ni labarin mutanen gareji ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi ta ce in na samu mai zuwa Tasawa mai amana, in gaya mata, tana son a nuna masa kabarin Inna ya ɗauko mata hoto. Har yau ban samu wanda Mounkaila zai yarda ya raka ba.