Baba Tofar da Bakin da Ya Ƙi Rufuwa

Shekara goma sha tara Baba Tofar ya yi yana gadin ƙofar ɗakin karatu na jami'a, kuma bai taɓa yarda da muƙamuƙin kowa ba. Doka ta hana ci a ciki. Sauran masu gadi jaka suke bincikawa, shi fuska yake duba. Da ya ga kunci ya motsa sai ya miƙa kwandon shara ya ce, "Tofar!" Nan ya samo sunan. Wanda ya kama sau biyu, katinsa na shiga sai ya yi hutun wata guda a aljihun Baba.

Ana saura mako ɗaya jarrabawa ya sa wa wata 'yar ajin ƙarshe ido. Ya taɓa kama ta da cingam tun tana aji ɗaya, Baba kuwa ba ya mantuwa. Kwana uku yana leƙenta ta tsakanin kantocin littattafai. Muƙamuƙinta na ta motsi, jefi-jefi ya ce ƙas. Ya duba ƙarƙashin teburinta, ba ɓawo, ba ledar alawa. Wannan ya tabbatar masa ƙwararriya ce.

Rana ta huɗu ya ɗauke katinta daga kan tebur, ya miƙa kwando.

"'Yata, tofar."

"Wallahi Baba ba komai. Haƙorana nake cizawa in karatu ya yi zafi."

"Ruwa ba ya tsami banza. Buɗe mu gani."

Littattafan da take bukata ba a fita da su. In kati ya tafi, jarrabawa ta bi shi. Ta buɗe.

"Ƙara."

Ta ƙara. Wani abu ya ce ƙas a gindin kunnenta, baki ya tsaya a wangale. Baba ya leƙa a tsanake, tunda yanzu ba mai hana shi. Harshe ne da haƙora kawai.

Shi da kansa ya raka ta asibitin makaranta, tana rufe da fuska da mayafi, hawaye na zuba. Likita ya mayar da gaɓar muƙamuƙin da ta goce wurinta, ya ce ɗalibai na yawan zuwa da ciwon nan lokacin jarrabawa: damuwa ce, da cizon haƙora, da taunar biro. Ya kuma ce kada wani ya sake sa ta wangale baki. Baba ya gyaɗa kai kamar da wani ake.

A bakin ƙofarsa ya mayar mata da katin da hannu biyu.

"Allah ya ƙara sauƙi, 'yata. Je ki yi karatunki."

Ta juya za ta shiga, ya rage murya.

"Tsakanina da ke, yaushe kika haɗiye?"