Bijimin da Baba ya hana ni kashewa

Na yi Kirsimeti a ƙasashe da dama. A Kumasi na ji ana busa ƙahonin tagulla har tagogin majami'a suna rawa. A Habasha, inda suke nasu bikin a watan Janairu, na ga masu fararen kaya suna rangaji a gaban wata ƙatuwar ganga. A Jamus kuwa a hankali suke waƙar, kamar akwai marar lafiya a ɗakin kusa. Duk na ji daɗinsu. Amma in aka buga gangar majami'ar ƙauyenmu, can tsakanin Rano da Kibiya, ni ƙarnin jini nake ji.

Mu Hausawa ne Kirista, gidaje kaɗan a tsakiyar Musulmi. Ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, Musulmi ne, malamin allo a Zurgu, muna kiransa Baffa. Dokar gidanmu ita ce dabbar Kirsimeti Baffa ne ke yankawa, domin naman ya ciwu a gidansa da gidajen maƙwabta. Baba kan ce naman da ɗan'uwanka ba zai ci ba, ba kyauta ba ne.

Shekarar da na dawo daga aikin tuƙi a Kamaru, sai na so in nuna na zama mutum. Na sayi bijimi a kasuwar Kibiya. Bafillacen da ya sayar mini ya faɗa mini da Fillanci cewa san ba ya son hayaniya. Na ji shi sarai, har na mayar masa da wasa da harshensa, na kuma manta.

Ranar jajibere da hantsi bijimin na ɗaure a turke a gindin tsamiya, muna jiran Baffa. Matan majami'a suka taru a ƙofar gidanmu don gwajin waƙoƙin gobe, Inna ce ke ba da waƙa. Aka fara da caki, aka sa kiɗan tulu. Da mai ganga ya sauke hannu a kan gangar, sai na ga turken ya tashi sama da ƙasarsa.

Bijimin ya faɗa cikin matan. Ya take tulun, ya sa ƙaho ya farke gangar. Inna ta faɗi a gabansa. Baba ya yi wuf ya kama igiyar, ya naɗe ta a hannu. San ya ja shi a ƙasa, ya juyo, ya haɗa shi da jikin rumbu. Na ga ƙahon ya shige cinyarsa, na ji ƙarar ƙashi.

Na ɗauki gatari na ɗaga shi daidai tsakanin ƙahonin. Baba, da jini har a gemu, ya daka mini tsawa.

"Kai! Kada ka mai da mini shi mushe!"

"Baba, kashe ka zai yi!"

"Ƙafa! Sari ƙafa, ɗan banza!"

Na zagaya bayan bijimin. Ya harbe ni a baki, haƙora biyu suka fita. Na tashi na sari agararsa, ban samu ba, na sake, na sake. A karo na uku ya durƙushe yana kuka. Maza suka hau shi da igiyoyi, muka zare Baba.

Inna ta ɗaure cinyar da ɗankwalinta, nan take ya jiƙe. Muka ce a tafi asibitin Rano. Baba ya ce ba inda za shi sai ya ga yanka. Haka muka zauna, shi yana zubar da jini, san yana zubar da jini, ni ina tofar da nawa, kowa ya zuba wa hanyar Zurgu ido.

Baffa ya iso, ya yar da kekensa.

"Yaya, wane irin hauka ne wannan? Da kun kashe shi, ai ba a rasa kaza ba!"

"Kaza? Shekara guda ina jiranka, ka ce kaza? Yanka, Malam, kafin ɗayanmu ya riga ka, ni ko shi."

Baffa ya duba idon san, ya ga yana ƙiftawa, wutsiya na motsi. Aka juya shi gabas. Ya yi bisimilla ya sa wuƙa, jini ya yi tsartuwa har kan rawaninsa. Ko wuƙar bai goge ba, ya ciccibi yayansa.

Washegari aka yi waƙar Kirsimeti da tafi kawai. Inna ta kasa naman, aka kai kowane gida. Baffa ya ɗauki kwanon farfesu zuwa asibiti, suka sa hannu a ciki su biyu, Baba na yi masa tsiyar ya cika zaɓen tsoka.

Baba bai ƙara tafiya ba sanda ba. Fatar bijimin kuwa ya bayar aka ɗaure wa majami'a sabuwar ganga. An sauya fatar tun tuni, amma kunnena bai yarda ba. Na daɗe ina fushi da Baba, har yau kuma ban tabbata ya kyauta ba, domin da ƙahon ya ƙara gaba kaɗan, gawa za mu kai Rano.

Baba da Baffa duk sun rasu. Bana ɗan Baffa ne ya zo daga Zurgu da wuƙar mahaifinsa a naɗe cikin tsumma. Rago na saya, mai sanyin hali. Duk da haka na fita na ce wa matan majami'a kada wadda ta taɓa ganga sai ya gama.