Warin da Na Ɗora wa Gwaggo Hajo

Kakarmu Delu ba ta yin gatana sai an ci tuwo an kife tukwane. In sanyi ya sauko a gidanmu na Dakoro, sai ta tura kara cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta, tana ɓarar gujiya tana jefa ɓawon a wuta. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku tare ta kar ta wuce." Mu ce, "Mun tare, Kaka!" Wanda ya katse ta kuwa, ranƙwashi ne rabonsa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, har mun gaji da ita. Wai wata mata ce mijinta ya sawo mata ƙwaryar nono mai zane. Don tsananin so, da ta juye nono ta ɗauraye, sai ta rufe ta da faifai da danshinta, ta naɗe da zane, ta tura ƙarƙashin gado kar ƙura ta taɓa. Ba a jima ba nono ya fara wari. Ta ce saniya ce, aka kai saniya kasuwa. Wari bai tafi ba. Ta ce hannun maƙwabciyarta ne, wadda ke taya ta tatsa, ta kore ta da baƙar magana. Sai ranar da akuya ta kutsa ɗaki ta banke ƙwaryar ta rabe biyu, kowa ya ga cikinta baƙi ƙirin da funfuna.

"Ƙwarya rana take so," in ji Kaka. "Ita ko maƙwabciya, wa zai maido ta?"

Mu dai akuyar ce ke ba mu dariya.

Na girma, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na yi aure nan cikin gari. Bara mai gidana ya sawo mini mashin ɗin wanki daga Maraɗi. Kai, na ji kaina! Har riga na sa tela ya ɗinka masa. Ina gama wanki sai in datse ƙofarsa gam, in lulluɓe shi. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar wanki, kaya su kwana ciki jiƙe, ban damu ba.

Sai ga Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, autar Kaka, wadda ke aure a Azagor cikin makiyaya. Ta zo a yi mata aikin ido, ta sauka wurina. Na haɗa zannuwanta da namu na wanke. Da na buɗe, wari ya buge ni, irin na tsumman da ya ruɓe. Gaskiyar Allah, na ɗan jiyo shi tun kafin ta zo, na yi kamar ban ji ba. Amma ranar ga maƙwabta biyu zaune a tsakar gida, sun toshe hanci, kuma ba zan yarda a ce mashin ɗina ne ba.

Na ce, "Gwaggo, kayan nan naku man shanu da hayaƙi sun kama su. Sun ɓata mini mashin."

Ta ɗago da ido ɗaya, ɗayan na ɗaure da bandeji. Ta ce, "Ayya, ki yi haƙuri, ɗiyata. Mu mutanen daji ne."

Sauran kwanakin a roba ta riƙa wanke kayanta, a duƙe, alhali likita ya hana ta duƙawa. Ina gani, na ƙyale ta.

Ta koma gida, wari ya ƙaru. Na kira mai gyara. Ya sa yatsa ya ɗaga robar bakin ƙofa, sai ga baƙar dauɗa mai yauƙi, sabulu ya daskare. Ya kwance matatar ƙasa, ruwa mai ɗoyi ya malalo da zare da gashi.

"Madam, wannan na wata da watanni ne," in ji shi. "Kin hana shi shan iska. Ki juya shi ba kaya da ruwan zafi da binegar, ruwan tsamin nan, ki goge robar, ki bar ƙofa buɗe. Rigar nan kuma ki cire mishi."

Ina tsaye, muryar Kaka ta dawo mini. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sau nawa na ji gatanar nan, amma da ta zo gidana ban gane ta ba. Muna yara mun ɗauka wauta ce ta sa matar ta kori maƙwabciyarta. Yanzu na san ta san inda warin yake, kunyar faɗi ce ta hana ta.

Mashin ya gyaru cikin yini ɗaya. Da Gwaggo ta dawo a duba idon, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta yi dariya, ta dafa kaina, ta ce ba komai, ita ta ma manta.

Amma har yau in ta zo, ba ta shiga ɗakina da ƙunshin kayanta. A bakin zaure take rataye shi, cikin leda, ta ɗaure bakin sau biyu.